Jan Fenti a Kan Bututun Pak Darmo

Ranar da Galih ya fara ganin Retno a kamfanin daskarar da kifi, faɗa ya je yi mata. Wata ce ta rataye ƙunshin shinkafa da tempe, wato wainar waken soya, a jikin tukunyar kashe gobara, ganyen ayaban ya rufe alamar da ya manna da safe.

"Abincin wa ye wannan?"

"Nawa ne," in ji wata siririya daga layin masu gyaran kifi. "In yunwa kake ji ka faɗa, ba sai ka ɗaga murya ba."

Mata suka kwashe da dariya. Galih, jami'in kiyaye haɗurra da duk kamfanin ke shakka, ya miƙa mata ƙunshin ya wuce. Washegari sai ga ƙugiya ya kafa a bango, da 'yar alama a samanta: WURIN ABINCIN RETNO.

Da yamma saƙonta ya shigo, har ta raɗa masa suna saboda alamomin da yake mannawa (Mas a wurinmu kamar a ce Malam ne): "Mas Sitika, na ga aikinka. Gobe ƙunshi biyu zan rataye."

Ya mayar: "Gimbiyar kifi, na karɓa. Amma ki sani, abin da na manna ba ya ɓantarewa."

Wata bakwai suna haka, har kowa ya san Galih ya kamu. Matsalar ɗaya ce, kuma babba: mahaifinta, Pak Darmo (da Pak muke kiran dattijo), shugaban ɗakin injin sanyi, shekara talatin yana cikin bututu. Yakan ce idonsa a rufe ya san wanne ne na ruwa, wanne ne na amoniya, iskar da ke daskarar da kifi, wadda in ta kuɓuce take ƙone huhun mutum. Ga shi kuma ya riga ya ƙyalla ido a kan wanda yake so ya zama surukinsa: Wisnu, mataimakinsa, mai cewa to kafin a gama magana.

"Mai manna takarda zan ba 'yata?" ya ce wa matarsa. Da ƙyar da lallashi ya yarda iyayen Galih su zo neman aure ranar Lahadi.

Sai Agusta ta kama. Mu mutanen garin Sidoarjo in bikin 'yancin kai ya matso, duk abin da bai gudu ba sai ya sha fenti ja da fari, launin tutarmu: ƙofa, dutsen bakin titi, har gindin bishiya. A kamfani aka sa gasar ado tsakanin sassa. Pak Darmo bai taɓa zuwa na biyu ba, don haka ya sa yaransa suka shafe bututun ɗakin inji kaf. Ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai duk alamomin sun shige ƙarƙashin fenti.

Galih ya shigo ranar Laraba, gabansa ya faɗi. Nan take ya ɗauko kayan aikinsa. Ya rufe kan kowane bawul, wato makunnin bututu, ya datse da kwaɗo, ya rataya jan kati mai sunansa. Dokar ita ce mai kwaɗo kaɗai ke cirewa.

Pak Darmo ya iske shi a gaban kowa. "Cire tarkacen nan, za mu buɗe ruwa mu wanke ƙasa."

"Sai an kankare fentin, Pak."

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake murɗa su. Ka cire, ko ka gaya wa iyayenka su huta ranar Lahadi."

"Ku yi haƙuri, Pak. Ba zan cire ba."

Saƙon Retno ya zo kafin la'asar: "Ka kunyata Babana a gaban yaransa. Ashe sitika ta fi ni a wurinka."

Ya daɗe yana kallon wayar, zuciyarsa na ciwo. Ya rubuta: "Gimbiya, gara ya hana ni ke yana numfashi. Ina sonki, shi ya sa."

Retno ta ajiye wayar. Ta yi kuka a banɗakin mata, domin ta san gaskiyarsa, ta kuma san taurin kan mahaifinta.

Ranar Juma'a, da ma'aikata suka fita cin abinci, Galih ya samu tsohon shi kaɗai.

"Pak, ku nuna min na ruwa. Zan kankare wurin. In shi ne, zan cire kwaɗunan duka, in ba ku haƙuri a gaban kowa."

Pak Darmo ya yi tsaki, ya taka kai tsaye. Sai ya ɗan tsaya. Tsatsar da ya saba gani babu, lotsawar da yake gane bututun ruwa da ita ta cike da fenti, bututu shida duk ja da fari. Ya ɗora hannu a kan na uku.

Galih ya sa wuƙa ya kankare a hankali. Rawaya ta leƙo, sannan baƙaƙen haruffa: AMONIYA.

Tsohon ya janye hannu kamar ya taɓa murhu. Ya zauna a kan bokitin fenti, gumi na keto masa. Wannan bututun ya yi niyyar sa Wisnu ya buɗe ranar Laraba, da yara huɗu tsaye da tsintsiya.

"Wa za ka gaya wa?" ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Rahoton zai ce fenti ya rufe alamomi, an kankare. Sauran tsakaninmu ne."

Pak Darmo ya miƙa hannu. "Akwai wata wuƙar?"

Da ma'aikata suka dawo, suka tarar da su biyun suna kankara kafaɗa da kafaɗa. A bana ɗakin inji ne ya zo na ƙarshe a gasa.

Retno ta rubuto: "Mas Sitika, Baba ya ce Mama ta ƙara kaza ranar Lahadi. Me ka yi masa?"

"Fenti kawai muka kankare, Gimbiya."

"Ka yafe min?"

"Tun kafin ki aiko."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, Retno ta sha furannin melati a gashi tana murmushi tana hawaye. Da suka durƙusa gaban iyaye neman albarka, Pak Darmo ya zaro jan katin nan daga aljihu, ya saka a tafin 'yarsa, ya ɗora hannun Galih a kai.

"Na tsorata shi da rasa ki, bai buɗe kwaɗon ba," ya ce. "Ki riƙe shi da kyau. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare min ku."