Alwalar Azahar

"Awa biyu ne fa, Umma! Awa biyu kacal a jirgi!"

Auta ta kasa zama. Daga ƙofa zuwa taga take kai da kawowa, waya a hannu. Injiniya, wanda take so kamar ranta, an mayar da shi aiki wani birni mai nisan kilomita dubu da ɗari biyar. Ya kuma faɗa mata cikin sanyin murya cewa in Umma ba ta amince ba zai haƙura da auren, ba zai raba 'ya da uwa ba.

"Mu dai a gidan nan ba a kai 'ya nesa," in ji Gwaggo, wadda ko hanyar tashar mota ba ta sani ba. "Haka muka tarar."

Kalmar da ke ƙona wa Auta rai ke nan. Haka muka tarar! Mutum bai taɓa wuce bakin layinsu ba, amma shi ne alƙalin nisan duniya.

"Gwaggo, Yaya yana bayan layin nan, yaushe rabon da ya leƙo Umma?"

"Ke, rufe min baki!"

Umma ta ajiye ɗinkin da ke hannunta.

"Ranar da aka aiko mini uwata tana jin jiki, kwana biyu na yi a mota. Na isa na tarar an shimfiɗa tabarmin gaisuwa..." Ta dubi Auta. "Ba na son ki zo ki tarar da tabarma, autata."

Auta ta matso. Ta durƙusa ta riƙe ƙafafun Umma.

"To zo ki auna da kanki, Ummata. Mu je mu dawo. In kin ce da nisa, wallahi na bar shi."

Ranar tafiya aka jinkirta jirgin. Auta ta tashi, ta zauna, ta sake tashi tana duban allon sanarwa.

"Awa biyun ke nan?" in ji Umma. "Ai ko a keke da mun yi nisa."

Suna idar da azahar a masallacin filin jirgin aka kira su. Da jirgin ya ɗaga, Umma ta damƙe hannun Auta har farce ya shiga, bakinta bai daina motsi ba. Ruwan da aka miƙo mata ma ƙin karɓa ta yi. Auta kuwa agogo kawai take kallo.

Suna fitowa suka hango Injiniya, ya yi zuru-zuru. Ya zube har ƙasa.

"Sannu da hanya, Umma."

Umma ta ɗaga kai. Ta tsaya tana sauraren kiran la'asar.

"Bari in nemo miki famfo," in ji Auta.

"Bar shi. Alwalata ta azahar tana nan. Tsoro bai bar ni ko gyangyaɗi ba."

Sai ta tsaya tana jujjuya abin da ta faɗa. Hawaye ya gangaro mata.

"Da a ce a lokacin akwai wannan... da na same ta."

Ta share ido da gefen mayafi, ta dubi Injiniya.

"Tashi, ɗana, ka nuna mini alƙibla. In na idar, ka kai ni in ga ɗakin da za ka ajiye mini 'ya."