Ganuwar da Ta Ci Gandun Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku, ta mutanen dauri.
Ta zo mu ji ta, ta koma inda ta fito.

A zamanin Sarki Maiguwa, wanda ya riƙe Dutsin Jika, wani gari bisa tudu tsakanin Karofane da Tabotaki, damina ta sauka da wuri, hatsi ya tsiro, ciyawa ta biyo bayansa. Ana cikin noman fari wani madugu ya sauka fada da labari: tambarin arewa, wato shugaban masu raƙuma na can, wanda Sarki ya ƙi ƙara wa dammunan hatsin gaisuwa, ya rantse zai zo da mayaƙansa da zarar an gama girbi. Ganuwar garin kuwa ta zube ta wajen gabas, har akuya na tsallake ta.

Sarki yana da barori masu noma masa gandu. 'Ya'ya ne masu 'yanci, ba bayi ba. Yunwa ce ta koro su daga garuruwansu, suka kama aiki bisa sharaɗin da kowa ya sani: daga hudowar rana zuwa azahar na ubangida ne, daga azahar zuwa faɗuwarta na bara ne, ya tafi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, ya noma abin da iyalinsa za su ci. Babbansu shi ne Gajere, Sarkin Gandu, dattijo mai faɗin kafaɗa wanda ba ya ɗaga murya.

Ubandawaki Faruƙ ya ba da shawara a karɓe maraicen barori, su riƙa jido duwatsu. Sarki ya yarda. Aka wayi gari da safe suna gandu, da maraice suna ganuwa, gayaunansu kuwa suka koma daji. Gajere yakan bi ta bakin tasa, ya ga hatsi ya yi rawaya a ƙarƙashin ciyawa, ya kau da kai.

Wata rana ya shigo gida da ƙurar dutse har gira, matarsa Zaliha ta miƙa masa ruwa.

"Sannu, Sarkin Gandu, sarauta ta yi kyau," in ji ta. "Bana dutsi za mu daka mu yi hura?"

"Ke dai ba ki rasa magana."

"Magana na da yawa, hatsi na babu. Matar Ali ta ɗaure tukwanenta. Sun ce in sati ya kewayo haka, sun bar garin ga."

Gajere ya sha ruwan. Ya san in Ali, ɗaya daga cikin barorin, ya tafi, saura za su bi shi, kuma shi ne ya tsaya musu ranar da suka kama aiki.

Ran Jumma'a, fada ta cika, ya tuɓe takalmansa ya durƙusa gaban Sarki.

"Allah shi ba ka nasara, na zo da kukan barorinka."

Ubandawaki ya yi dariya. "Kai Gajere, tsawonka bai kai rabin ganuwa ba, amma bakinka ya wuce ta. Abokan gaba na tahe, kuna zancen gayauna?"

"Ubandawaki, ba ganuwa munka ƙi ba, ɗiyanmu na cikinta." Ya juya ga Sarki. "Ranka shi daɗe, ranar da munka zo, kai da bakinka ka ce sahiya taka, marece namu. In ganuwa na son hannu, ta ci cikin sahiyarka."



"Ganduna hwa?" in ji Sarki.

"Ciyawa ta ci shi, Zaki, kamar yadda take cin namu."

"In na ƙiya?"

"In ka ƙiya, ni ina nan, na tsuhwa ga tahiya. Amma waɗanda ke bayana ban da igiyar ɗaure su. Mutum bai tare mashi bisa ganuwar da babu rumbunshi bayanta."

Ubandawaki ya yunƙura, Sarki ya ɗaga masa hannu. Sarki ya san gandun nan shi ne abincin fada, da na baƙi, da na dawaki. Duk da haka ya ce, "Magana zarar bunu ce. Na yanka musu marece, ba ni ƙwace shi. Daga gobe sahiya ta ganuwa ce. Gandu shi jira."

Gandu bai jira ba, ciyawa ta shanye shi. Abin da aka girbe a shekarar bai cika rumbu guda ba. Amma gayauna sun farfaɗo, ganuwa ta tashi, kuma ko mutum ɗaya bai bar garin ba.

Da kaka ta wuce, tambari ya cika alkawarinsa, ya kewaye Dutsin Jika. Barorin nan su suka tsaya a wajen gabas da baka da majajjawa, Ali na cikinsu, ba a taɓa ƙetare su ba. Da zaman ya yi tsawo abincin fada ya ƙare. Masu ba da labari sun ce sai ga Zaliha da matan barori ɗauke da akusan tuwo da ƙoren fura sun nufi ƙofar fada, Sarki ya ci, fadawa suka ci, har Ubandawaki, kansa a sunkuye. Da zafi ya matso, tafkunan waje suka ƙafe, tambari ya kwashe raƙumansa ya koma arewa.

Ubandawaki bai manta da kunyar wannan tuwo ba. Bayan rasuwar Maiguwa, ya sa magajinsa ya tuɓe Gajere daga sarauta, dattijon ya ƙare kwanakinsa yana noman gayaunarsa, ba a ji ya yi ƙorafi ba. Sai dai babu sarkin da ya ƙara taɓa maraicen bara a garin nan.

Mulki na Allah ne, yana ara wa wanda ya so. Maiguwa ya yi asarar gandun shekara guda, ya tsira da gari, domin da wuya ta zo daga nasa ya fara yanka. Mai ɗaukar 'yan ƙwadago a fadamar albasa yau, ya ji wannan ya riƙe.

Ƙurungus kan kusu, nan na sauke ta, mai so ya ɗauka.