Ɗakin da Kaji Suka Ƙi

Da Direba ya yi ritaya sai ya ce kiwon kaji zai yi, ya sayo goma sha biyu tun bai san inda za su kwana ba. Kafinta maƙwabcinsa ya ba shi shawara a ƙera akurkin katako mai ƙafafu da waya, wanda iska za ta ratsa, ɓera kuma ba zai hau ba. Direba ya yi tsaki. Mutum ne mai taurin kai, in ya ce eh ko matarsa ba ta iya juya shi. Ya nuna tsohon ɗakin ajiya da ke ƙarshen bayan gida, marar taga, wanda tun da suka tare ba a taɓa buɗewa ba. Ya ɓalle kwaɗon, ya share, ya zuba ɓuntu.

Da magariba ta yi, kajin suka taru a bakin ƙofar suka tsaya cak, wuya a miƙe. Ko ɗaya ba ta shiga ba. Direba ya sa Auta, 'yarsa mai shekara goma sha huɗu, ta riƙa kama su tana jefawa ciki, ta ja ƙofa. Haka aka yi kwana uku.

A rana ta huɗu, rana na faɗuwa, dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Sai wani. Direba ya zagaya gidan da sanda yana zagin yaran unguwa, bai ga kowa ba. Duwatsun kuwa ɗumi gare su kamar an ciro su daga murhu. Matarsa ta roƙe shi ya fitar da kajin, ya ce ita dai tsoro ya yi mata yawa.

Washegari Auta ta je rufe kaji ba ta dawo ba. Direba ya same ta tsugune a bakin ƙofar, idanu a kafe, jiki sanyi ƙalau. Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta ce uffan ba. A asibiti aka ce ba a ga komai ba. Nan Direba ya tafi da ƙafarsa ya ɗauko Malam, wani tsoho mai ruƙiyya.

Bayan la'asar Malam ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali. Can sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Ya zuba nasa a ɗakina, ni ma na shiga nasa."

Malam ya tambaye ta ko wace ce. Ta ce shekara arba'in tana ɗakin nan da jikokinta, ba ta taɓa kowa ba, sai ga kashin kaji a kan shimfiɗarsu. Ta juyo da idanun Auta kan uban.

"Kaza ma ta fi ka hankali. Ta gan mu ta ƙi shiga, kai ka ce dole."

Kunya da tsoro suka rufe Direba. Malam ya ce mata zalunci ne ta kama yarinyar da aike kawai aka yi. Ta ce za ta fita, amma da sharaɗi: wanda ya ɓalle kwaɗon ya shiga shi kaɗai, ba fitila, ya kwashe kayansa kaf kafin rana ta faɗi. In ya bar ko abu ɗaya, to ita ma ta samu ɗaki.

Rana ta riga ta yi ja, kajin kuwa tun ranar da Auta ta kwanta suna rufe a ciki. Direba ya yi bismilla ya shiga. Ɗakin na warin danshi, numfashi ma da ƙyar, sai yanzu ya ji abin da kajin ke kwana a ciki. Ya riƙa lalube yana miƙo su waje, har sha ɗaya. Ta ƙarshen tana lungu kwance a kan ƙwai, ta sassare shi a hannu. Ya fitar da ita, ya kwashe ɓuntun da buhu, ya cire hularsa ya tsince ƙwan, guda shida. Ya nufi ƙofa.

Sai ya ji wani abu na gangarowa a ƙasa daga lungun, a hankali, har ya taɓa yatsan ƙafarsa. Ƙwai ne, na bakwai. Da ya fita ya bar shi, shi ke nan. Ya duƙa ya ɗauka, bai yarda ya ɗaga kai ba.

"Na gode," ya ce da duhun. "A yafe mini."

Ya ja ƙofar, ya ɗaure ta da waya. Yana shiga tsakar gida ya ji atishawa sau uku. Auta ta tashi zaune tana kallon kajin da suka bazu ko'ina, ta ce da 'yar muryarta, "Baba, magariba ta yi, ba a rufe kaji ba."

Direba ya zauna daɓas a ƙasa, hular ƙwai a cinyarsa, hawaye na zuba. Ya ce ta bar su su kwana a falo, da sassafe zai je wajen kafinta.