Ukun da Ke Cikin Ƙanƙara

Duk ranar Lahadi idan an tashi daga coci, 'ya'ya da jikokin Gerrit Hoekstra a kicin ɗinsa suke taruwa shan kofi. Haka al'adar take a ƙauyenmu na Iowa, wanda bai zo ba kuwa sai ya kawo dalili mai ƙarfi. Wilma matarsa tana tsaye a kan mutane da buta, tana ƙara wa kowa abin da bai roƙa ba. Mijinta kaɗai take zuba wa rabin kofi, ta yi kamar mantuwa ce, don kada ya zubar a gaban surukai. Ciwon karkarwa ya kama hannuwan tsohon, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana noman masara, yau ga shi maɓallin riga yana gagararsa.

A wannan teburin Loren, autansu, ya saki maganar da ya kamata ya bari a ɗakinsa. Yaron kirki ne, amma bakinsa kamar kwando yake. Shi da matarsa Kristel sun daɗe ba haihuwa, kuma ban taɓa ganin ma'auratan da rashin ɗa ya ƙara manne su kamar waɗannan ba. Daga ƙarshe wani asibiti a birni ya haɗa musu ƙwan haihuwa, aka dasa mata biyu, ta haifi tagwaye maza, Dirk da Wessel. Sauran 'yan tayi uku aka daskarar da su aka ajiye. Yanzu asibitin ya bugo waya yana tambaya: za su dawo a dasa, ko za su ba masu bincike?

Gerrit ya riga ya fita baranda shan iska. Wilma ta ajiye buta a hankali. Ta ce ta gani a talabijin, masu binciken nan suna cire ƙwayoyin farko daga jikin ɗan tayi, waɗanda kowace gaɓa ke tsirowa daga gare su, suna neman maganin irin ciwon mijinta da su.

Kristel ta ce, "Mama, na tambayi likita. In an cire, ɗan tayin ba ya rayuwa."

"'Yar nan, kin samu biyu, Allah ya raya miki. Ni miji guda ɗaya gare ni, kuma a gaban idona yake ƙarewa."

"'Ya'yana ne, Mama."

"Ƙanƙara ce dai a kwalba."

To, kada wani ya yi saurin zagin Wilma, don ni zan fara tare mata. Matar nan tun kafin a haifi Kristel take koyar da yara a coci cewa rai daga cikin ciki yake farawa, kuma Allah ya san mutum tun bai da siffa. Ba ta manta ba. Amma wadda take yanka wa mijinta nama ƙanana a ɓoye kullum, in ta hango ƙofa, ko ta wuta ce sai ta leƙa.

Mu nan ba ma faɗa da ihu, da alewa muke yi. Idan Fasto ya hau wa'azi, uwar gida takan buɗe jaka ta miƙa alewar minti, mintin yana bin benci hannu zuwa hannu har kowa ya samu. Lahadi ta gaba minti ya bi layin Hoekstra, ya kai kan Loren, ya tsallake Kristel, ya faɗa hannun tagwaye. Duk benci uku na baya sun gani. Kristel ba ta ɗaga kai daga littafin waƙa ba, amma kunnuwanta sun yi ja wur.

Loren ya shiga tsakani ya rasa inda zai sa kansa. Uwa tana kiransa da safe tana kuka, wai yau Baba ya kasa riƙe reza. Ya dawo gida ya tarar da matarsa shiru. Asibiti kuwa ba ya taɓa komai sai da yardar su biyu. Wata rana da hantsi, suna cikin mota a bakin gona, ya kasa daurewa. Ya ce mata shi fa ubansa mutum ne da yake gani da ido, waɗancan kuwa ko ɗigon biro ba su kai ba.

Kristel ta juya ta nuna masa kujerar baya, inda yaran suke barci baki buɗe.

Ta ce, "Su biyar ne a jere ranar nan, Loren. Likita ya miƙa hannu ya ɗauki biyu. Da ya ɗauki na gefe fa? Da yau Wessel ne a kwalbar, kana ce masa ɗigon biro."

Ya kifa goshi a sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ita kuwa maimakon ta ƙara masa, sai ta dafa wuyansa ta ce, "Sarkin surutu, yau kuma bakin ya mutu?" Ya yi dariya cikin hawaye. Amma ko a nan bai ce ya bi bayanta ba, kuma ba ta matsa masa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, yarinyar ba ta fasa zuwa gidan surukai ba ko sau ɗaya. Ita ke kai Gerrit wurin masu motsa jiki a mota, ita ke ɗaure masa igiyar takalmi. Wilma ta gaishe ta da ƙyar, ita ta amsa da fara'a. Da ni ce, da tuni na kifar da butar kofin nan a kan tebur.

Aka gama girbi, ranar bikin godiya ta zo, aka gasa talotalo, gida ya cika. A gidan Hoekstra ba a tashi daga abinci sai mai gida ya yi addu'a, kuma Gerrit yakan kira jikokinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansu, daga babba har ƙarami, ya danƙa su ga Ubangiji. Aka sunkuyar da kai. Muryarsa ta yi rauni, amma bai tsallake kowa ba. Ya zo kan Dirk, ya zo kan Wessel. Mutane har sun buɗe baki za su ce amin, sai ya ci gaba.

"Da ukun nan da ke cikin ƙanƙara, ya Uba. Ba mu san sunayensu ba, kai ka sani. Ka kiyaye su."

Duk tsawon rigimar nan ba wanda ya tambayi tsohon, sai ya fita baranda ake tayar da zancen. Sun manta ciwon a hannu yake, ba a kunne ba.

Wilma ta ce, "Don kai na yi, Gerrit."

"Na sani, tsohuwa. Ina son lafiya, ba zan yi miki ƙarya ba. In sun samo magani ta wata hanya, ni ne farkon layi. Amma ban taɓa cin abincin yara ba, ba kuwa zan fara da ransu ba."

Ta rufe fuska da tsumman goge hannu ta fashe da kuka. Kristel ce ta fara tashi ta rungume ta, suka tsaya a jikin murhu suna kuka tare, Loren yana gefe yana jan hanci kamar ɗan maraƙi. A wurin ya ce wa matarsa, a gaban kowa, su koma asibiti a dasa.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Biyu daga cikin 'yan tayin ba su zauna ba, Kristel ta sha kuka, kuma Wilma ce ta tare a gidan tana dafa mata miya. Na ƙarshen ya kama. Aka haifi mace, aka sa mata Geertje.

Gerrit bai warke ba, hannun ma ƙara rawa ya yi. Da farko ya ƙi karɓar jaririyar, wai zai yar da ita. Kristel ta zaunar da shi, ta tokare masa gwiwar hannu da matashi, ta ɗora masa ita tana tsala kuka. Hannun ya yi ta karkarwa a ƙarƙashin zanen, a hankali kukan ya ragu, har ta yi barci.

Wilma ta ce, "Ka gani? Ashe dai kana da sauran amfani."

Ku yara masu shirin aure, ku ji da kyau. Dangi za su zo muku da buƙata mai ban tausayi, da hawaye na gaskiya, su nemi abin da ba naku ba ne balle ku bayar. Ba a gyara ran wani da ran wani, komai ƙanƙantarsa. Ku ƙi, amma kada ku daina zuwa gaisuwa, kada ku daina ɗaure wa tsoho takalmi. Kristel ba ta ci gardama da kowa ba. Haƙuri ta yi har gidan ya dawo gare ta, ga kuma 'yarta tana barci a hannun kakanta.