Gawar da Ta Fuskanci Gabas a Kufai

Da hantsi Sufeto Abdurrazak na ofishin 'yan sanda na Sabon Birni ya hau tudun da ke bayan Kurawa. Kufai ne da aka tashi daga cikinsa tun kaka da kakanni. Babu abin da ya rage sai duwatsun gindin rumbu da tsingaro. Wurin ya yi tsit, ko tsuntsu babu.

Dakta Ikramu, shugabar masu haƙar tarihi daga jami'a, ta kai shi bakin wani rami.

"Mutanen da muka tono a nan duk a zaune aka bisne su," in ji ta. "Wannan kuwa kwance yake kan dama, fuskarsa gabas, an jera masa itace. Bai fi shekara goma ba."

Sufeto ya tsuguna. Ƙoƙon kan a fashe yake ta ƙeya, hannun hagu kuma akwai tsohon ɗori.

A Kurawa aka nuna masa gidan Inna Habi, wadda ɗanta Lawwali ya ɓace shekara tara. Tsohuwar ta ƙare a tsaye, abin tausayi.

"Ya taɓa karyewa?" in ji Sufeto.

"Hannun hagu. Raƙumi yak kada shi ƙasa. Amma yana Agadas, wansa Muntaka na kawo mini gaisuwatai."

Aka kira Muntaka. Ya zo da carbi a hannu, yana ta zuba ladabin da ya yi yawa.

"Yallaɓai, ban taɓa hawa tudun ga ba."

"Maƙwabta sun ce kai kake noma gindinsa."

"Gindi dai. Bisa akwai iskoki."

Sufeto ya rufe littafinsa, ya miƙe kamar ya haƙura.

"Shi ke nan. Ko wane ne, an yi masa sutura, an yi masa salla. Gobe za a kai ƙasusuwan ɗakin ajiya na jami'a."

"Ba a yi mai salla ba!"

Bakin Muntaka ne ya suɓuce. Carbin ya faɗi ƙasa.

"Wa ya gaya maka?" in ji Sufeto a hankali.

Muntaka ya durƙushe, kuka ya ƙwace masa.

"Kan gonar kufai munka yi faɗa da Lawwali. Ya juya baya, nis sare shi da fartanya. Na yi mai wanka, na gyara mai kwanciya, amma da nit tsaya yin kabbara sai bakina ya ƙi buɗewa."

Aka sa masa ankwa. A bakin zaure ya juyo.

"Inna, roƙe su su bar ni in tsaya sahu in an zo sallatai."

Inna Habi ba ta ko dube shi ba.

"Ku tafi da shi, Yallaɓai. Akwai mutane garin ga, sahu zai cika."