Lahadin da Thayne Ya Tashi Ba da Shaida

A ɗakin karatu na garin Logan suka fara haɗuwa, ranar da Thayne Bagley ya dire littattafai a gaban Janessa Thorup domin ta rubuta masa aro. Dukkansu a kan annabin da ya kafa cocinmu na Mormon ne, wasu na masu yabo, wasu na masu zagi.

"Ba ka tsoron waɗannan?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na fi tsoron hararar nan taki," ya ce yana murmushi.

Kafin damina ta wuce yana kiranta Zumata, ita kuma tana ce masa Malamina, har maganar aure ta kai gida. A nan Korbin ya shigo, ɗan aminin mahaifinta, wanda ya daɗe yana zarya ba ta ko kallonsa. Shi ya kai wa mahaifin nata, Ɗan'uwa Thorup, gulmar cewa Thayne littattafan maƙiyan coci yake kwana da su. Korbin dai gwani ne wajen saka fuskar tausayi in zai soki mutum.

"Janessa, auren da ake ɗaurawa a Haikali, ɗakinmu mai tsarki, ba na duniya kaɗai ba ne," in ji mahaifinta, ya ture kwanon dankalin gabansa. "Ba zan ɗaura ki har abada da mai shakka ba."

"Baba, tarihi yake karanta. Rubutun annabi na hannunsa ma yana bi."

"To ya tashi ranar Lahadin azumi ya ba da shaida a gaban jama'a. Ya ce ya san cocin nan gaskiya ne, kamar yadda kowa ke faɗa. In bai faɗa ba, maganar ta mutu."

Hankalinta ya tashi, don ta san halin mutuminta. Ta tura masa saƙo:

"Malamina, don Allah ka faɗa yadda kowa ke faɗa. Har yara ƙanana suna iyawa. Kar ka sa in rasa ka."

Amsa ta zo: "Zumata, ina son ki fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki yi mini addu'a kawai."

Wannan amsa ba ta kwantar mata da komai ba.

Ranar Lahadi coci ya cika, kowa da azumi a baki. Mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ya sani. Da Thayne ya nufi mumbari, Janessa ta damƙe hannun mahaifiyarta.

"'Yan'uwa," ya fara, "na karanta abin da annabi ya rubuta, na karanta abin da aka rubuta a kansa. Akwai wuraren da suka dame ni, har yau ban samu amsarsu ba. Ba zan tsaya a nan da azumi in ce na san abin da ban sani ba. Amma na ba da gaskiya, kuma duk abin da na karanta bai hana ni durƙusawa in yi addu'a ba."

Korbin ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Hawaye suka zubo wa Janessa, haushinsa da ƙaunarsa suka haɗe mata.

Sai ga Ɗan'uwa Thorup ya miƙe. Ta ɗauka ficewa zai yi, amma mumbari ya nufa. Ya tsaya ya dubi jama'a.

"Ni na matsa wa yaron nan lamba," ya ce. "Ya san abin da zai faɗa ya samu 'yata, ya ƙi. Wanda bai yi wa Ubangiji ƙarya don ya same ta ba, ba zai yi mata ƙarya in ya same ta ba. Thayne, yau a gidana za ka sha ruwa."

Bishop, shugaban cocin unguwarsu, ya gana da Thayne da Janessa, ya ba su izinin shiga Haikali. A can suka durƙusa cikin fararen kaya aka ɗaura su har abada. Da suka fito, mahaifinta ya rungume su, hawaye na bin gemunsa.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya ba ku gidan da ba a tsoron faɗin gaskiya a cikinsa."