Wayar Injin Shinkafa

Ranar Laraba ce, tsakiyar bazara, Asiya tana yanka albasa a gidansu na unguwar Badariya aka yi sallama da mugun labari. Injin casar shinkafa na Argungu ya kama wuta bayan azahar. Mijinta Dikko, mai tada injin, bai fito ba.

Kafin sadakar uku magana ta cika gari, wai guntun sigarinsa ne ya ja gobarar. Tana cikin takaba Sufeto Irimiya ya zo.

"Ranka ya daɗe, shekara sha tara muna tare da Dikko, ko ashana ba ya sawa aljihu. Wa ya ce ya ga taba?"

"Sama'ila, wanda ya ja wa injin wayar lantarki."

"To, shi za ka tsare."

Sufeto ya je wurin injin, ya shiga cikin toka ya ɗaga kai. Wayar ta narke ne can sama, jikin kwano, nesa da inda Dikko yake tsayawa. Ya yanko guntu ya kai wa wani tsohon injiniya a Birnin Kebbi.

Tsohon ya murza ta. "Ta yi siriri. Lissafin littafinmu na aikin lantarki na zafi digiri talatin ne. Ƙarƙashin kwano a Argungu yana kai hamsin, waya ba ta iya ɗaukar wutar da aka rubuta mata. Akwai shafi a baya, shi ake dubawa a ƙara kauri."

A caji ofis Sama'ila ya yi ta rantsuwa. "Yallaɓai, abin da littafi ya ce na sa. Ni ban san wani shafin baya ba."

"Miƙo littafin."

Sufeto ya buɗe baya. Ga rubutu da fensir: Argungu, hamsin. An zagaye waya mai kauri.

"Rubutun wa ne wannan?"

Sama'ila ya sunkuyar da kai. "Mai kaurin sai an aiko daga Sakkwato, sati biyu, ga shinkafar rani ta taru. Na ce zan canza daga baya."

"Tabar fa?"

"Tsoro, yallaɓai. Na ga ba zai tashi ya ƙaryata ni ba."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi.

Sufeto da kansa ya tsaya ƙofar gidan Asiya, gaban maƙwabta, ya ce Dikko ba shi da laifi. Ran nan Asiya ta iya cin tuwo.

Har yau, kullum in rana ta take, sai ta ɗora bayan hannunta a kan wayar fankarta, ta ji ko ta yi ɗumi.